Bitar shafin Great Circle Mapper: ma'aunin nisa tsakanin filayen jiragen sama

Duk wanda ya taɓa shirin doguwar tafiya ta jirgin sama ya san cewa bayan maganar kuɗin tikiti, tambayoyi biyu ne ke biyo baya: mene ne nisan wurin da za a je, kuma sa'o'i nawa za a shafe a hanya. Akwai shafukan intanet da dama da ke alƙawarin amsa su duka biyun nan take, amma wanda na fi amincewa da shi, wanda kuma nake son yin bitarsa a nan, shi ne Great Circle Mapper, da ake samu a adireshin gcmap.com. Wani mutum mai suna Karl Swartz ne ya kafa shi tun 1996. Kyauta ake amfani da shi, ba ya sayar da tikiti, kuma aikinsa bai wuce auna tazarar da ke tsakanin filayen jiragen sama da zana ta a kan taswira ba. A kan tambaya ta farko, wato nisa, babu abin da zan ce masa sai madalla. A kan ta biyu kuwa, wato lokacin tafiya, dole ne mai amfani da shi ya yi hattara, domin abin da ke tsawaita tafiya ko ya gajarta ta ya fi ƙarfin lissafin da shafin yake yi.

Yadda ake aiki da shi ba shi da wuya. A shafin farko akwai gurbi da ake rubuta lambobin filayen biyu, a raba su da gajeren layi. Kowane babban filin jirgi yana da lamba mai haruffa uku da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ba shi, ita ce kuma ake gani a jikin tikiti da takardar da ake maƙala wa jaka. Filin jirgin Malam Aminu Kano shi ne KAN, na Abuja ABV, na Yamai NIM, na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda JED, na Madina kuma MED. Idan mutum ya rubuta KAN-JED, taswira za ta fito da layi daga Kano zuwa gaɓar Bahar Maliya, a ƙasanta kuma a nuna masa cewa tazarar ta kai kimanin kilomita 3,400, tare da kusurwar da jirgi zai fuskanta a farkon tashinsa. Shafin yana kuma karɓar lambobi masu haruffa huɗu na ICAO, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, waɗanda matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jirage ke amfani da su, inda Kano take DNKN. Ya kamata 'yan kasuwarmu su kula da abu guda: lambar filin jirgin Guangzhou da ke ƙasar Sin ita ce CAN, harafi ɗaya tak ya raba ta da ta Kano, kuma kuskuren hannu a nan zai ba mutum amsar wata tafiya dabam. Haka nan ya dace a duba ma'aunin da amsar ta fito da shi kafin a kwafe ta, domin akwai mil na ƙasa da ya kai kilomita 1.609, akwai mil na teku da matuƙa ke lissafi da shi wanda ya kai kilomita 1.852, sannan ga kilomita kanta. Shafin ya ba da damar zaɓen kowanne, sai dai wanda ya ɗauki mil a matsayin kilomita zai rage wa tafiyarsa fiye da kashi ɗaya cikin uku ba tare da ya sani ba.

Babban amfanin shafin shi ne yadda yake gyara wa mutum fahimtarsa ta taswira. Taswirar duniya da muka saba gani a bangon aji shimfiɗaɗɗiya ce, kuma da yawa daga irinta sun samo asali ne daga tsarin da Gerardus Mercator ya fitar a 1569 domin masu jiragen ruwa. Tsarin yana faɗaɗa ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu fiye da girmansu na gaskiya, saboda haka miƙaƙƙen layin da mutum zai ja da rula a kanta ba lallai ya zama hanya mafi kusa ba. Duniya dunƙulalliya ce, zagayenta a tsakiya ya ɗan haura kilomita 40,000, kuma hanya mafi gajarta tsakanin wurare biyu a bayanta ita ce wadda zare zai bi idan aka kafa tsinke biyu a jikin lemo aka ja zaren tsakaninsu ya yi tsam. Wannan layin shafin yake aunawa. Idan aka kwantar da shi a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ya zama kamar baka, mai kallo ya zaci zagaye ake yi, alhali kuwa shi ne yanke. Wannan lissafin ne ma aka fi bi wajen fitar da alƙibla, shi ya sa masallata a New York ke fuskantar arewa maso gabas, duk da cewa a taswirar bango Makka tana kudu maso gabas da su.

Misalin da ya fi nuna mini ƙimar shafin shi ne na tafiyar Kano zuwa Guangzhou, hanyar da 'yan kasuwar Kantin Kwari da masu harkar kayan waya da takalma suka daɗe suna bi. Wani maƙwabcina mai sayar da yadi ya zo mini da takardu biyu da wani wakilin sayar da tikiti ya buga masa, ɗaya ta bi ta Addis Ababa, ɗaya ta Alƙahira. Ya shimfiɗa su a kan tabarma, ya ɗora yatsa a kan ta biyun ya ce, "Malam, ai wannan zagaye ne. Mutum ya nufi gabas, me zai kai shi Masar?" Na ce masa, "Alhaji, bari mu auna tukuna." Shafin yana karɓar tafiya mai zango-zango, a jera lambobin a haɗe, kuma ana iya sa hanyoyi da dama lokaci guda a raba su da waƙafi. Muka rubuta KAN-CAN, da KAN-ADD-CAN, da KAN-CAI-CAN, muka ƙara da KAN-DOH-CAN don mu ga yadda ta Doha take. Tazarar kai tsaye ta fito kimanin kilomita 10,950. Ta Addis Ababa ta kusa 11,400. Ta Alƙahira, wadda Alhaji ya kira zagaye, ta tsaya a wajen 11,100, wato ta fi ta Habasha kusa da kusan kilomita 300. Ta Doha kuwa kusan babu abin da ta ƙara a kan tazarar kai tsaye, domin birnin yana dab da layin da ya haɗa Kano da Guangzhou. Alhaji ya daɗe yana kallon fuskar wayar yana bin layukan da ɗan yatsa, domin abin da ido ya saba gani a taswira ya saɓa da abin da alƙaluma suka nuna.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan gwajin shi ne ƙanƙantar bambancin. Tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta a cikin hanyoyin uku, tazarar kilomita 400 ce da 'yan kai, kuma jirgin fasinja na zamani, da ke gudun kimanin kilomita 900 a sa'a guda idan ya daidaita a sama, yana cinye wannan cikin kusan rabin sa'a. Saboda haka wanda zai zaɓi tikiti a cikin waɗannan hanyoyi bai kamata ya sa nisa a gaba ba. Abin dubawa shi ne tsawon jiran da zai yi a zangon tsakiya, wanda zai iya zama sa'o'i biyu ko ya zama kwana guda cur, da kuma kilo nawa aka yarda ya ɗauko na kaya a dawowa. Inda nisa yake yin tasiri na gaske shi ne idan tikitin ya fara mayar da mutum baya. Wanda zai tashi daga Kano ya sauka Legas, sannan ya kama Addis Ababa, sannan Guangzhou, tafiyarsa ta kusa kilomita 12,800, wato ya ƙara wa kansa kusan 1,900 a kan tazarar kai tsaye, ga kuma sauka da tashi na uku da jiran da ke tattare da su. Irin wannan bayani ne nake ganin ya kamata kowane mai sayar da tikiti ya iya yi wa abokin cinikinsa, kuma shafin yana ba da shi cikin ƙasa da minti guda.

Maganar lokaci ita ce inda na fi son mai karatu ya tsaya. Shafin yana da gurbin da za a sa gudun jirgi, shi kuma ya raba nisa da gudun ya ba da adadin sa'o'i. Lissafin daidai ne a matsayinsa na lissafi, sai dai jirgi ba ya tafiya a cikin iska mai tsayuwa wuri ɗaya. A can sama, tsakanin kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa inda manyan jirage ke bi, akwai igiyoyin iska masu ƙarfin gaske da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, musamman a sassan duniya da ke nesa da tsakiyarta, kuma sun fi tsananta a lokacin sanyi. Jirgin da ya nufi gabas suna tura shi ta baya, wanda ya nufi yamma kuwa da su yake kokawa. Tsakanin filin JFK na New York da Heathrow na Landan akwai kimanin kilomita 5,550, ko ta wane ɓangare aka auna, amma a jadawalin kamfanoni zuwa Landan kan ɗauki wajen sa'o'i 7, komowa New York kuma wajen 8. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar da aka sa wa suna Ciara, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya yanke wannan hanya daga New York zuwa Landan cikin sa'o'i 4 da minti 56, saboda ƙarfin iskar da ta dafa masa baya. Nisan bai sauya ko da taku ɗaya ba a wannan daren. Great Circle Mapper ba ya sanin iskar ranar tafiyarka, don haka sa'o'in da zai ba ka na zuwa da na dawowa iri ɗaya ne, abin da kusan ba ya faruwa a doguwar tafiya tsakanin gabas da yamma.

Hanyar da ta fi kowace fito da wannan a fili ita ce ta New York zuwa Singafo, wadda kamfanin Singapore Airlines ke yi ba tare da yada zango ba. Daga JFK zuwa filin Changi na Singafo tazarar kilomita 15,349 ce, daga Newark kuwa, filin da ke maƙwabtaka da New York, kilomita 15,344. Kilomita biyar ɗin nan su ne suka sa hanyar JFK, da aka buɗe a watan Nuwamban 2020, ta sha gaban ta Newark a jerin hanyoyi mafiya tsawo, kuma da irin ma'aunin wannan shafi ake yanke irin wannan hukunci. Kamfanin ya fara hanyar Newark a 2004 da jirgi mai injin huɗu ƙirar Airbus A340-500, ya dakatar da ita a 2013, sannan ya dawo da ita a watan Oktoban 2018 da A350-900ULR, wanda aka tsara shi da kujeru 161 kacal domin a rage nauyi a bar wa man jirgi wuri. Idan aka rubuta JFK-SIN a shafin, layin zai miƙe arewa, ya wuce dab da ƙuryar arewacin duniya, ya gangaro ta Rasha da Sin. Amma sau da yawa jiragen ba nan suke bi ba. Daga Singafo sukan bi ta saman Tekun Pasifik, daga New York kuma sukan tsallaka Tekun Atlantika su ratsa Turai da Asiya, wato a zuwa da dawowa duk gabas suke fuskanta domin su ci moriyar iska. Hakan kan sa abin da suka yi a zahiri ya haura kilomita 16,000, amma duk da haka lokaci da man da aka kashe su fi sauƙi. Tafiyar kan ci sa'o'i 18 zuwa 19. Wanda ya dogara da layin shafin kawai zai zaci ta kan ƙanƙarar arewa zai wuce, alhali mai yiwuwa ta saman Turai zai bi.

Bayan iska akwai siyasa da yaƙi, kuma wannan ya taɓa mu kai tsaye. Layin Kano zuwa Jidda yana ratsa Chadi da Sudan kafin ya tsallaka Bahar Maliya, kuma a lokacin zaman lafiya tafiya ce ta sa'o'i huɗu da 'yan kai zuwa biyar. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, sai jigilar alhazan wannan shekarar, da ta fara makonni kaɗan bayan haka, ta zama dole ta kauce ta bi hanya mai zagaye, abin da ya ƙara sa'o'i da kuɗin mai. A watan Agustan wannan shekarar kuma Nijar ta rufe nata sararin na kusan wata guda, jiragen da ke tsakanin Turai da ƙasashen kudu da Sahara suka riƙa yin dogon kewaye. Haka abin ya kasance ga kamfanin Finnair na ƙasar Finland bayan Rasha ta rufe wa jiragen Tarayyar Turai sararinta a ƙarshen Fabrairun 2022: tafiyar Helsinki zuwa Tokyo, da ake yi cikin kimanin sa'o'i 9, ta koma wajen 13. A duk waɗannan lokuta alƙaluman Great Circle Mapper suna nan yadda suke, domin tazarar da ke tsakanin filaye biyu yake aunawa, ba ya bin labarin wace ƙasa ta buɗe ko ta rufe. Akwai dabarar da na ga tana da amfani a nan: tunda shafin yana karɓar zango-zango, mutum zai iya saka wani fili da ke kan hanyar kaucewa a tsakiya, ko da jirgin ba zai sauka can ba, ya ga kilomita nawa kewayen zai ƙara. Ƙiyasi ne kawai, amma ya fi zato.

Wani ɓangare da masu sha'awar harkar jirage za su ji daɗinsa shi ne na ƙa'idar ETOPS, wadda ke iyakance nisan da jirgi zai yi da filin saukar gaggawa. A da, ba a yarda jirgi mai injin biyu ya yi nisa da filin da zai iya sauka cikin gaggawa fiye da tafiyar minti 60 ba, saboda tsoron kada inji ɗaya ya mutu a tsakiyar teku. Da injuna suka ƙara inganci aka ɗaga iyakar zuwa minti 120 a 1985, daga baya 180, har aka kai ga bai wa Airbus A350 izinin minti 370. Shafin yana iya yi wa taswira inuwa a wuraren da suka fita daga iyakar da mutum ya zaɓa, sai a ga da ido dalilin da ya sa wasu jirage ke lanƙwasa hanya a kan manyan tekuna domin su kasance kusa da wani tsibiri mai filin sauka. Haka kuma ana iya zana da'ira a kewayen fili guda don a ga iya inda jirgi mai wani zango zai kai daga can. Matafiyi na yau da kullum ba ya buƙatar wannan, amma ga malamin labarin ƙasa ko ɗalibin da ke burin shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, abin koyarwa ne mai kyau da ba a biya ko sisi.

Akwai kuma sa'o'in da ba a sama ake yin su ba. Lokacin da ke rubuce a tikiti yana farawa ne daga sa'ad da aka tura jirgi baya daga inda ya tsaya, ya ƙare sa'ad da ya tsaya a ɗaya filin, don haka ya haɗa da gangarawa zuwa titin tashi, da jiran layi, da hawa da sauka waɗanda ake yi da gudu ƙasa da na tsakiyar tafiya. Kamfanoni kuma sukan ƙara 'yan mintuna a jadawali saboda cunkoso. Sannan ga bambancin agogo, wanda ya fi komai rikita masu zuwa tarbar baƙi. Duk lokutan da ke jikin tikiti na agogon garin da abin ya shafa ne. Saudiyya da Habasha suna gaban Najeriya da Nijar da sa'o'i 2, ƙasar Sin kuma da sa'o'i 7. Jirgin da ya bar Kano ƙarfe 10 na dare ya yi sa'o'i biyar a hanya zai sauka Jidda ƙarfe 5 na asuba agogon can, alhali a Kano ƙarfe 3 ne na dare, wanda ya debe lokacin tashi daga na sauka kai tsaye kuwa zai ce sa'o'i bakwai aka yi. A dawowa lissafin juyawa yake, tafiyar ta zama kamar ta sa'o'i uku a takarda. Shafin yana taimakawa a nan ta gefe guda, domin kowane fili yana da nasa shafin bayani da ke nuna yankin agogonsa, da matsayinsa a taswira, da tsayinsa daga teku, da titunan saukarsa, amma mutum ne zai yi ɗebewa da ƙarawa da kansa.

Saboda waɗannan dalilai, shawarata ita ce a haɗa Great Circle Mapper da wani shafin da ke bin jirage a zahiri, kuma wanda aka fi sani shi ne Flightradar24, na wani kamfanin ƙasar Suwidin. Shi wannan yana tattara saƙonnin da jirage ke watsawa game da inda suke da tsayinsu da gudunsu, ta hanyar na'urorin da dubban masu sa kai suka kafa a sassan duniya. Idan aka rubuta lambar jirgin da ke jikin tikiti, zai nuna tafiye-tafiyensa na kwanakin baya-bayan nan, da lokacin da ya tashi a zahiri, da sa'o'in da ya yi a sama, da hanyar da ya bi. Wannan ita ce amsa mafi kusa da gaskiya ga mai tambayar sa'o'i nawa zai yi. Sai dai a wuraren da na'urorin suka yi ƙaranci, kamar tsakiyar hamada da teku, wani ɓangaren layin kan zama ƙiyasi. Idan aka ɗora hanyar da jirgin ya bi a kan layin da Great Circle Mapper ya zana, nan take za a ga inda aka kauce da girman kaucewar, kuma sau da yawa mutum zai iya gano dalili da kansa idan yana bin labaran duniya.

Ta fuskar tsari, shafin bai damu da ado ba. Fasalinsa na tsohon yayi ne, rubutu da gurabe da taswira, babu hotuna masu motsi. Ni wannan ya yi mini, domin abin da na zo nema nake samu ba tare da an ja hankalina zuwa sayen wani abu ba, kuma adireshin kowace taswira da aka haɗa ana iya kwafe shi a tura wa wani ta WhatsApp ya buɗe ya ga abin da aka gani. Amma akwai abubuwan da za su iya hana wasu jin daɗinsa. Da Turanci yake, kuma kalmominsa na ma'aikatan jirage ne, saboda haka wanda bai saba ba zai buƙaci mai nuna masa a karon farko. Ya fi daɗin aiki a kwamfuta fiye da ƙaramar fuskar waya, inda sai an yi ta faɗaɗa rubutu. Sannan ba ya gaya wa mutum ko akwai jirgin da ke bin hanyar da ya rubuta. Zai auna maka Sakkwato zuwa Tokyo kamar yadda zai auna Legas zuwa Landan, ba tare da ya bambanta wadda ake yi kullum da wadda babu kamfanin da ke yin ta ba. Ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba, tunda bai taɓa cewa shi jadawali ne ba, amma ya kamata sabon shiga ya san haka kafin ya gina shirinsa a kan layin da ya gani.

Waɗanda nake ganin za su fi cin moriyarsa su ne masu kamfanonin shirya Hajji da Umara da ke son yi wa maniyyata bayanin bambancin sauka a Jidda da sauka a Madina, da 'yan kasuwa masu kwatanta tikiti uku ko huɗu kafin su biya, da iyayen da 'ya'yansu ke karatu a Malesiya ko Indiya ko Turkiyya, da kuma malaman makaranta. Ga mai son ƙiyasin gaggawa daga alƙaluman shafin, hanyar da nake bi ita ce in raba kilomitocin da 850, in ƙara rabin sa'a na tashi da sauka a kowane zango, sannan in ƙara wani abu idan doguwar tafiya ce zuwa yamma, in kuma rage kaɗan idan gabas aka nufa. A kan Addis Ababa zuwa Guangzhou, mai kimanin kilomita 8,000, wannan yana ba da wajen sa'o'i 10, a kan Kano zuwa Addis Ababa mai kilomita 3,300 kuma kusan huɗu da rabi. Idan abin da ke jikin tikiti ya zarce irin wannan ƙiyasi da sa'o'i biyu ko fiye, bayan an cire bambancin agogo, to akwai abin tambaya: ko dai jirgin yana yada zango a wani gari don ɗaukar fasinja ko shan mai ba tare da an sauya lambarsa ba, ko kuma yana kauce wa wani sararin da aka rufe. Wannan tambayar ya dace matafiyi ya yi wa mai sayar masa da tikiti kafin ya biya kuɗi.